Amanar Saƙo: Binciken Kuskure a Manhajar Sadarwa da Halin Manomin Arewacin Kano



Gabatarwa

A ranar 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1,000. Kafin watan Fabrairu na 2023 ya kama, tsofaffin takardun sun koma bankuna, sababbin kuwa ba su wadata ba. Mutanen da ba su taɓa yin ciniki ba sai hannu da hannu, tilas ta sa suka koma aika kuɗi ta waya. A kasuwannin Ɗambatta da Bichi da Dawanau, kamar sauran kasuwannin ƙasar nan, sai aka riƙa ganin wani irin rikici wanda dattawan kasuwa ba su gaji hukuncinsa ba. Manomi ya kawo buhun gero, an yi ciniki, ya sallama. Mai saye ya danna wayarsa, ya nuna an cire kuɗi daga asusunsa. Mai sayarwa ya duba tasa wayar, ko ta ɗansa, ko ya tambayi mai POS ɗin da ya ara masa lambar asusu, shiru. La'asar ta yi, motar ƙauye tana shirin tashi. In ya saki geron, wataƙila ya yi asarar gumin damina. In ya hana, ya ƙaryata mutumin da bai yi ƙarya ba. Dukansu biyu masu gaskiya ne, ɗan aiken da ke tsakaninsu ne ya tafi bai komo ba.

Wannan ɗan aike shi ne abin da laccar nan za ta yi magana a kansa. Sunansa manhaja, watau jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura don ta bi ɗaya bayan ɗaya. Manhajar sadarwa kuwa ita ce mai ɗaukar saƙo daga wata na'ura zuwa wata, ko da ƙirarsu ta bambanta. Maƙasudi shi ne a bayyana ladubba biyu da ake bukata ga irin wannan manhaja. Na farko binciken kuskure, watau tantance duk abin da ya zo mata daga waje. Na biyu iƙirari, watau sharaɗin da marubucin manhaja ke gindaya wa aikin kansa. Za a nuna kuma cewa idan aka yi sakaci da su, nauyin sakacin a kan mutumin karkara yake sauka, domin shi ke zaune inda hanyar saƙo ta fi rauni.

Ƙasar da Mutanenta

Masana labarin ƙasa sun daɗe da lura da karkarar da ke kewaye da birnin Kano. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka buga nazarinsu a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, ba a barin saura ta huta. Kowace shekara ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da sharar birni wadda jakuna suka saba ɗaukowa. Wanda ya ratsa Ungoggo da Minjibir da Dawakin Tofa ya nufi Makoɗa, idonsa zai ba shi labari. A irin wannan ƙasa gona ƙarama ce, rarar da ke cikinta kaɗan ce, saboda haka ɗan kuskure a lissafi ko jinkirin mako biyu yana iya raba magidanci da abincin watanni.

An ga misalin haka tun kafin ƙarancin kuɗi na 2023. A 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta fito da shirin raba taki ta wayar hannu. Manomi zai yi rajista, a aiko masa da saƙo, ya kai wa dillalin da aka amince da shi, ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Niyyar ita ce a kawar da 'yan tsakiya masu karkatar da taki. Amma daga cikin manyan matsalolin shirin akwai raunin sabis a karkara: ko saƙon bai iso ba, ko dillali ya kasa tabbatar da shi, ko lambar da aka rubuta wurin rajista ba daidai take ba. Abin har ya kai a 2014 aka gwada wata hanya ta kati mai aiki ko babu sabis, a Jihar Sakkwato da Birnin Tarayya. Takin da ya iso bayan gero ya fid da kai, sai dai a ajiye wa baɗi.

Gadon Magabata

Kada ɗalibi ya zaci binciken saƙo baƙon ilmi ne a ƙasar Hausa. Malaman da suka riƙa juyar littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato sun san cewa alƙalami yakan yi tuntuɓe, sun kuma tanadi magani. Littattafansu warwara ne, ba a ɗinke ba, ana ajiye su cikin gafaka. Don kada takardu su hautsine, sai mai juya ya rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. Mai karatu in ya juya ya ga kalmar ba ta dace ba, ya san wata takarda ta ɓace ko ta sauya wuri. Haka nan in an gama juyi akan gwada shi da asali, wani yana karantawa wani yana bi da ido. Almajiri ma in ya rubuta allonsa, sai ya kai wa malam ya duba ya gyara kafin ya shiga hadda, domin kuskuren da aka haddace ya fi wuyar cirewa.

Marubuta waƙoƙi kuwa da yawansu sukan faɗi adadin baitocin waƙa a ƙarshenta, su kuma ɗaure shekarar da aka yi ta cikin ramzi. Wanda waƙar ta iso wa bayan ta bi hannuwa goma yana iya ƙirgawa. In marubuci ya ce baiti sittin ne, shi kuwa ya sami hamsin da takwas, ya tabbata biyu sun zube a hanya. Hikimar da ke ciki ita ce saƙo ya taho da shaidar kansa, mai karɓa kuma kada ya wadatu da shaidar sai ya ƙirga. A kan wannan hikima ce aka gina sadarwar na'urori baki ɗaya.

Binciken Kuskure

Misali mafi kusa yana cikin aljihun kowane ma'aikaci. A 2010 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin lambar asusu ta bai ɗaya mai alƙaluma goma. Tara na farko su ne lambar asusun, na goma kuwa mai gadi ne: ana samo shi ta hanyar ninka sauran alƙaluman, haɗe da lambar bankin, da 3 da 7 da 3 bi da bi, a tara jimla, a duba abin da ya rage ta cika goma. Ga ƙaramin misali da alƙaluma uku, 4 da 1 da 6. Huɗu sau uku 12, ɗaya sau bakwai 7, shida sau uku 18, jimla 37. Saura 3 ta cika 40, mai gadi ke nan 3. In mai POS ya yi gaggawa ya buga 1 da 4 da 6, jimla za ta zama 49, mai gadi ya zama 1, nan take na'ura ta gane an yi kuskure tun kuɗi bai motsa ba. Alƙalamin ƙarshe na katin banki ma irin wannan aiki yake yi, bisa dabarar Hans Peter Luhn na kamfanin IBM. Asusun da lambar waya ce lambarsa ba shi da wannan mai gadi, don haka karanta sunan da ya fito kafin a aika kuɗi ya zama wajibi.

Saƙon da ke bin intanet ma haka ake yi masa. Ƙa'idar da ake kira TCP, wadda Vinton Cerf da Robert Kahn suka aza harsashinta a 1974, takan yayyanka saƙo gunduwa-gunduwa, ta sa wa kowace lambar jeri da jimlar shaida. Mai karɓa yakan sake lissafi, in ya dace ya aiko da amsa cewa ta iso. In mai aikawa bai ji amsa ba sai ya sake turawa. Lambar jeri ita ce kalmar ƙasan takarda, jimlar shaida kuwa ita ce ƙirgar baiti.

Abin da ke faruwa idan aka amince da shaida ba a ƙirga ba, duniya ta gan shi a watan Afrilu na 2014. Akwai wata manhaja mai suna OpenSSL wadda ɗimbin shafukan intanet ke amfani da ita wajen rufa asirin saƙo. A cikinta akwai wata 'yar gaisuwa: na'ura ta aiko da kalma, ta faɗi tsawonta, ta ce a mayar mata da ita don ta san ana nan. Marubucin wannan sashe bai sa an gwada tsawon da aka faɗa da tsawon gaskiya ba. Sai ya zama ɓarawo yana iya aiko da harafi ɗaya ya ce dubu sittin ne, na'ura kuwa ta mayar masa da harafinsa, ta cika sauran da duk abin da ke kusa a ma'ajiyarta, har da kalmomin sirri na mutane. Wannan ɓaraka, wadda aka laƙaba wa suna Heartbleed, ta yi shekara biyu tana buɗe kafin a gano ta. Maganinta kuwa 'yan layuka ne kawai na ƙirga.

Na'urori Iri-iri

Saƙon manomin Ɗambatta ba na'ura ɗaya yake bi ba. Yakan tashi daga 'yar ƙaramar waya mai maɓallai ko babba mai Android, ya bi turken kamfanin waya, ya shiga kwamfutar banki mai Windows ko Linux, ya ratsa cibiyar da ke sasanta bankuna, sa'an nan ya sauka a wani bankin. Kowace na'ura da ɗabi'arta, kuma a mahaɗar ɗabi'u ne kuskure ya fi samun maɓoya. Misali uku za su wadatar.

Na farko, jerin lamba. Bahaushe yana cewa ashirin da ɗaya, Balarabe kuwa yakan fara da ɗayan sa'an nan ya kawo ashirin. Na'urori ma haka suka rabu: wasu suna ajiye babban ɓangaren lamba a gaba, wasu ƙarami. Ƙa'idar intanet ta zaɓi a fara da babba, alhali yawancin kwamfutoci da wayoyi da ƙarami suke farawa. In marubuci ya manta bai juya ba, lamba 500 da aka aiko cikin ma'auni mai gida biyu za ta koma 62,465 a wurin mai karɓa. Manhajar da ta san cewa babu manomin da aka ware wa buhu dubu sittin za ta tsaya ta yi tambaya. Wadda ba a koya mata ba sai ta rubuta ta wuce.

Na biyu, yadda na'ura ke faɗin ta kasa. Ƙofar da manhaja ke buɗewa don ta yi magana da wata na'ura, wadda masu sana'ar ke kira soket, ta samo asali ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983. A tsarin Unix, in ƙofar ta ƙi buɗuwa akan mayar da lambar da ke ƙasa da sifiri. Da aka kwaikwayi tsarin a Windows a 1992, sai aka yi amfani da irin lambar da ba ta sauka ƙasa da sifiri ko kaɗan, alamar gazawa ta zama wata lamba mafi girma. Marubucin da ya saba tambayar ko amsa ta gaza sifiri, in ya kai manhajarsa Windows bai gyara ba, mai gadinsa yana nan tsaye a bakin ƙofa, amma har abada ba zai ga ɓarawo ba. Haka kuma umarnin karɓar saƙo ba ya alkawarin kawo shi duka a tashi ɗaya. A ofishin birni inda sabis ke da ƙarfi, saƙo yakan iso a dunƙule, sai marubuci ya ɗauka kullum haka ne. A ƙauyen Kunci kuwa rabi zai iso, sauran ya biyo baya ko ya maƙale.

Na uku ya shafi harshen Hausa kai tsaye. Tun shekarun 1930 ake rubuta boko da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma su ne ke raba ƙasa da kasa, baƙi da baki, ƙafa da kafa. Jerin haruffan da aka tanada wa gajeren saƙon waya ba shi da su. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga sai a koma wani tsarin da ba ya ɗaukar fiye da 70. Sanarwar da jami'in gona ya rubuta a matsayin saƙo ɗaya sai ta rabu uku, kuma wayar da ba ta da zanen harafin ta nuna ɗan akwati a gurbinsa. A kwamfuta ma, in an ajiye rubutu da tsarin UTF-8 aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows, kalmar ƙasa takan fito Æ™asa. Alhamzar da ke cikin Sa'idu da Isma'ila da Ma'aruf kuwa, wata manhajar takan karɓe ta, wata ta jefar, wata ta ƙi sunan ɗungum. Daga nan sai a ce sunan mutum na banki bai dace da na katin ɗan ƙasa ba, alhali shi bai taɓa sauya suna ba.

Iƙirari

Duk abin da ya gabata bincike ne na abin da ya zo daga waje. Ladabi na biyu yana duban cikin gida. A ɗauki ma'ajin wata ƙungiyar manoma. In wani ya kawo masa yagaggiyar takardar kuɗi, ko ya zo biya ranar da ba ta biya ba, wannan ba abin mamaki ba ne. Zai ba shi haƙuri, ya gaya masa abin da zai yi. Amma ma'ajin yana da wani sharaɗi tsakaninsa da kansa: kowace yamma, jimlar abin da ke littafi dole ta yi daidai da abin da ke akwati. Ranar da suka saɓa, ya san kuskuren nasa ne, kuma abin da ya kamace shi shi ne ya rufe littafi ya nemo inda ya ɓata, domin duk abin da ya ƙara rubutawa a kan ɓataccen lissafi ɓatacce ne. Wannan sharaɗi shi ne iƙirari. Marubucin manhaja yakan rubuta a wani mataki cewa lalle abu kaza gaskiya ne a nan. In na'ura ta iso ta tarar ba haka ba, sai ta tsaya cik, ta faɗi layin da abin ya faru. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tunanin ya girmi yawancin kwamfutoci. Alan Turing ya gabatar da shi a wani taro a Kambirij ta Ingila a 1949, Robert Floyd ya faɗaɗa shi a 1967, sa'an nan Tony Hoare ya ba shi ƙa'idojin lissafi a 1969. Amfaninsa shi ne yana fito da zaton da ke ɓoye a zuciyar marubuci ya ajiye shi a fili, inda na'ura za ta gwada shi kullum, wanda ya gaji aikin kuma ya karanta.

Sai dai akwai ramuka biyu. A harshen C, wanda aka rubuta yawancin manhajar sadarwa da shi, ana iya kashe duk iƙirarai da umarni ɗaya sa'ad da za a fitar da manhaja kasuwa. Wanda ya cusa aiki na gaske a cikin iƙirari, kamar duba ko saƙo ya tafi, to ranar da aka kashe su binciken nasa ya tafi tare da su. Rami na biyu shi ne a bar saƙon baƙo ya kai ga iƙirari ba a tace shi ba. A watan Yuli na 2015 aka gano cewa manhajar BIND, wadda ke fassara sunayen shafukan intanet zuwa lambobinsu a sassan duniya da yawa, ana iya tsayar da ita da ƙirƙirarren saƙo guda ɗaya, domin saƙon yana bi ta wata hanya da ke karya wani iƙirari na cikinta. Ma'ajin da ke rufe ofis duk sa'ad da aka miƙo masa yagaggiyar takarda, kowane ɗan iska yana iya hana ƙungiya aiki. Ƙa'idar ke nan: abin da duniya ke iya jawowa, kamar yankewar sabis ko gurɓataccen saƙo, a tarbe shi da bincike da haƙuri, abin da ba zai faru ba sai in marubuci ya yi kuskure, shi ake ɗaure wa iƙirari. Yankewar hanya kuwa ba abin mamaki ba ce ko ga manyan birane. A ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna a Nijeriya ta tabu.

Zaton da Ba a Rubuta Ba

Misali mafi girma a ƙasar nan na zaton da ba a fito da shi fili ba ya faru ne ranar 25 ga Fabrairu, 2023. A rumfunan zaɓe na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kamar sauran ƙasa, an umarci jami'ai su ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS su tura shafin hukumar zaɓe. Sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi, har bayan ƙarfe takwas na dare. Bisa ga bayanin da hukumar ta bayar a rahoton da ta fitar a watan Fabrairu na 2024, an tsara ma'ajiyar shafin ne ta yadda kowane zaɓe yana rataye a ƙarƙashin wata jiha. Zaɓuɓɓukan da aka yi da shafin kafin nan, kamar na gwamnonin Ekiti da Osun a 2022, duk haka suke. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi.

Jama'a da yawa ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma shari'ar zaɓen ta kai har Kotun Ƙoli. Wannan ba hurumin laccar nan ba ne. Darasin da ke ciki shi ne, ko an ɗauki bayanin hukumar yadda yake, jumla guda ce ba a rubuta ba, ba a kuma gwada ba: kowane zaɓe yana da jiha. Da an rubuta ta a matsayin iƙirari, aka yi gwaji da zaɓen shugaban ƙasa na wasa, da ta karye a ɗakin gwaji tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka yi asara a wannan rana ya fi sa'o'i. Yardar jama'a ce, wadda ta fi kowace na'ura wuyar gyara.

Amsa ta Uku

Yanzu sai a koma kasuwar da aka baro manomi da buhun geronsa. Yawancin mutane sun ɗauka amsar aike biyu ce, an yi ko ba a yi ba. A sadarwa akwai ta uku, watau ba a sani ba tukuna. In banki ya tura umarni zuwa wani bankin ya jira bai ji komai ba, ba shi da hanyar sanin ko umarnin ne ya ɓace a tafiya, ko amsar ce ta ɓace a komowa. Hausawa suna cewa shiru ma magana ce, amma a tsakanin na'urori shiru ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Manhajar da ta fassara shiru da cewa an yi, ta cuci mai sayarwa. Wadda ta fassara shi da cewa ba a yi ba, za ta sa mai saye ya sake turawa ya biya sau biyu.

Maganin sananne ne ga masu sana'ar. A ba kowane ciniki lambar shaida tasa shi kaɗai tun kafin ya tashi. In an yi shiru, a koma da lambar a tambayi inda aka kwana, maimakon a sake aikawa. In kuma umarni ya iso sau biyu da lamba ɗaya, a zartar da shi sau ɗaya. Bayan haka a gaya wa mutum gaskiyar halin da ake ciki da harshen da yake ji. A watan Yuni na 2020 Babban Banki ya umarci a warware cinikin POS da ya maƙale cikin sa'a 72. Wannan ci gaba ne, amma ga wanda ya zo kasuwar mako da kuɗin motar komawa kaɗai, kwana uku tafiya ce mai nisa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai aiki a gaban rukuni biyu na masu sauraro. Ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa sayen manhaja don rabon taki ko biyan albashi ko rajistar asibiti ba ya bukatar ya iya rubuta ta kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Me za ta yi in sabis ya yanke a tsakiyar aiki? In an danna sau biyu, sau nawa za ta biya? Tana karɓar Ɗanladi da Sa'adatu yadda masu sunan ke rubuta su? Ina take rubuta kurakuranta, wa ke karantawa? A kan wace waya aka gwada ta, a wane gari? Ya kamata a sa a cikin yarjejeniyar kwangila cewa ba za a karɓi aiki ba sai an gwada shi a kasuwar ƙauye da ƙaramar waya, a hannun wanda ba shi ya rubuta ba, tun da wanzami ba ya son jarfa.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta su riƙe bambancin nan na bincike da iƙirari, su kuma saba da duba amsar kowane umarni da suka ba hanyar sadarwa. Ɗaliban Hausa kuwa nasu aikin ba ƙarami ba ne. Saƙon kuskuren da ke fitowa a fuskar waya rubutu ne, kuma a halin yanzu yawancinsa lambobi ne da Turancin da ko mai digiri ba ya ganewa. Ana bukatar waɗanda za su zauna da masu manhaja su tsara gajerun jumloli da ke gaya wa manomi abu uku: abin da ya faru, inda kuɗinsa yake, da abin da zai yi yanzu. Jumla kamar "An karɓi umarninka, ba a tabbatar ba tukuna, kada ka sake turawa, ga lambar shaidarka" ba ta kai harafi ɗari ba, amma da ta bayyana a wayoyin mutanen nan biyu, da sun san abin da za su gaya wa sarkin kasuwa kafin mota ta tashi.